Darasi na 9: Yadda Labarai Ke Kai Kansu Shafukan Sada Zumunta, Ɗaya Bayan Ɗaya

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana abin da ake kira magudanar RSS da abubuwan da ke cikinta;
2. haɗa shafin intanet da shafin sada zumunta ta hanyar manhajar aike;
3. lissafa tazarar da ta dace tsakanin saƙo da saƙo, don kada labarai su taru su tsufa;
4. gane irin sanarwar da bai kamata a bar wa na'ura ba.

1. Aikin da ake son sauƙaƙawa

Ƙungiyar manoma, makarantar Islamiyya, ƙaramin gidan rediyo, ɗan kasuwa mai shafin intanet, duk wanda ke fitar da sanarwa a kai a kai ya san wannan wahala. An rubuta labari an sa a shafin intanet, amma mutanen da aka rubuta dominsu ba can suke ba. Suna Facebook, suna Telegram, wasu suna X. Sai sakatare ya kwafi kan labarin da adireshinsa, ya bi shafukan nan ɗaya bayan ɗaya yana liƙawa. Ranar da aka ɗauke wuta, ko data ta ƙare, ko tafiya ta kama shi, shafukan sai su yi tsit.

Akwai manhajojin da ke ɗauke wa mutum wannan aiki, kuma haɗa su ba wuya. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen sa musu iyaka. Manhajar da ba a ƙayyade mata ba, duk abin da ta tarar za ta kwashe ta zube wa mabiyanku lokaci guda. Saboda haka mafi yawan wannan darasi a kan lissafin tazara yake.

2. Mece ce magudanar RSS?

Idan kun buɗe shafin jarida a waya, kuna ganin hotuna da launuka da tallace-tallace. Wannan don idon mutum aka yi shi. A bayansa akwai wani fayil da shafin ke sabuntawa da kansa, wanda aka yi don kwamfuta ta karanta. Babu ado a cikinsa. Jerin sababbin labarai ne kawai, na baya-bayan nan a sama. Kowane labari yana zuwa da takensa, da adireshinsa, da rana da lokacin da aka wallafa shi, da ɗan taƙaitaccen bayani, sai kuma wata lambar shaida da ke bambanta shi da sauran.

> AKWATIN KALMOMI
> Magudanar RSS: fayil mai ɗauke da jerin sababbin labaran wani shafin intanet, wanda ke sabunta kansa duk lokacin da aka wallafa sabon abu.
> Mahaɗi: adireshin da idan aka latsa shi yake kai mutum ga cikakken labarin.
> Lambar shaida: alamar da kowane labari ke da ita shi kaɗai, wadda da ita manhaja ke gane ko ta taɓa aika shi.

Wannan fasaha ta girmi Facebook. Kamfanin Netscape na Amurka ne ya fito da ita a 1999, sannan a 2002 Dave Winer ya fitar da zubin da ake kira RSS 2.0, wanda har yau shi ya fi yawa. Akwai wani zubi mai suna Atom da aka daidaita a 2005, kuma a wajen mai amfani aikinsu ɗaya. Da kamfanin Google ya rufe manhajarsa ta Google Reader a 2013, mutane da yawa sun ɗauka RSS ta mutu. Tana nan. Shirye-shiryen sauti na fodkas da ake saurare a waya ta wannan hanya suke isowa.

Alamarta ɗan murabba'i ne mai ruwan lemo, da ɗigo fari da layuka biyu masu lanƙwasa. Idan ba ku ga alamar ba, kuma an gina shafin da WordPress, ku ƙara /feed a ƙarshen adireshinsa. Za ku ga rubutu a cakuɗe da alamomi. Kada ku ɗauka wani abu ya lalace, haka take. WordPress yakan sa labarai 10 na ƙarshe a ciki idan mai shafin bai canza adadin ba. Ku riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

3. Manhajar aike

Tsakanin magudana da shafin sada zumunta akwai manhaja mai kai saƙo. Sanannu a wannan aiki sun haɗa da dlvr.it da IFTTT da Zapier. Akwai kuma irin su Buffer da Hootsuite, waɗanda suka shahara wajen jera saƙonni a fitar da su a lokutan da aka zaɓa. Sunayen maɓallai sun bambanta, amma aikin iri ɗaya ne: manhajar tana leƙa magudana lokaci-lokaci, ta duba lambobin shaida, idan ta ga wadda ba ta sani ba ta ɗauki labarin ta sa a layi, in lokacinsa ya yi ta wallafa.

> AKWATIN KALMOMI
> Manhajar aike: manhajar da ke ɗauko labari daga magudana ta wallafa shi a shafin sada zumunta ba tare da mutum ya taɓa ba.
> Layin jira: wurin da labaran da aka ɗauko ke zama kafin lokacin fitarsu ya yi.
> Izini: damar da kuka ba manhaja ta wallafa da sunan shafinku, wadda kuna iya janyewa duk ranar da kuka so.

Wajen haɗawa, za ku liƙa adireshin magudana, sannan ku zaɓi shafin da za a riƙa aika wa. A nan manhajar kirki za ta tura ku can cikin Facebook ko X ɗin, ku amince da kanku, ku dawo. Ba ta ganin kalmar sirrinku. Duk manhajar da ta ce ku rubuta mata kalmar sirrin Facebook a cikin nata akwatin, ku rufe ta nan take. Ta haka ake sace shafukan mutane.

Ranar farko tana da tarko. Magudana ba fanko take ba, akwai labarai 10 ɗin nan a ciki, kuma a wajen manhajar dukansu sababbi ne tunda ba ta taɓa ganin lambobinsu ba. Kafin ku latsa maɓallin farawa, ku nemi inda aka tambaya ko a aika tsofaffi ko a fara daga na gaba, ku zaɓi na gaba. Irin wannan yana sake faruwa idan aka sauya adireshin shafin intanet, domin lambobin shaida na iya canzawa, manhaja ta maimaita abin da ta riga ta aika. Duk ranar da za a yi wa shafi babban gyara, a dakatar da ita tukuna.

4. Tazara

Me ya sa ba za a bar labarai su fita da zarar sun iso ba? Ku tuna yadda kuke ji idan shafi ɗaya ya cika muku fuskar waya da saƙo goma a jere. Na farko za ku karanta, na biyu ku leƙa, daga nan sai ku wuce, wani ma ya daina bin shafin gaba ɗaya. Mai lambu ya san ba a sakar wa fangali ruwan yini guda a tashi ɗaya. Ƙasa ba za ta shanye ba, ruwan zai malale ya kwashi iri, da yamma kuma wurin ya bushe. Hankalin mai karatu haka yake ɗauka, kaɗan-kaɗan.

Ban da wannan, ba kowa ke buɗe waya lokaci ɗaya ba. Ma'aikaci yana dubawa da safe a mota, mai shago da rana in ciniki ya lafa, matan gida da yawa sai bayan sallar isha'i. Abin da aka zube da ƙarfe bakwai na safe kashi ɗaya na mutane ya samu. Sannan su kansu kamfanonin suna sa ido a kan shafin da ke harba mahaɗai da yawa cikin mintoci, suna iya ɗaukarsa mai damun jama'a da saƙon banza su taƙaita shi.

> AKWATIN KALMOMI
> Tazara: tsawon lokacin da ke tsakanin saƙo ɗaya da na bayansa.
> Lokacin aiki: awannin da aka yarje wa manhaja ta wallafa, misali 7 na safe zuwa 9 na dare.
> Gurbi: damar fitar saƙo ɗaya. Yawan gurabe a yini shi ne lokacin aiki a raba da tazara.
> Tacewa: umartar manhaja ta ɗauki wasu labarai ta bar wasu, bisa kalma ko rukuni.

Kada a rikita abu biyu. Sau nawa manhaja ke leƙa magudana daban, sau nawa take wallafawa daban. Tana iya leƙawa kowane minti 15 amma ta wallafa sau ɗaya a awa. Na biyun shi ne tazara.

*Misali na ɗaya.* Wani gidan rediyo yana sa labarai 12 a shafinsa kullum da ƙarfe 7 na safe. Lokacin aiki daga 7 na safe zuwa 9 na dare ne, wato awa 14. An sa tazarar awa 1.

Gurabe: 14 ÷ 1 = 14. Labarai 12, gurabe 14, kowa ya samu wuri har da rara biyu.

Lissafi ya fita, amma akwai tambaya ta biyu da ake yawan mantawa: yaushe na ƙarshe zai fita? Na farko 7, na biyu 8, na goma sha biyu sai 6 na yamma. Ya jira awa 11. Idan sharhi ne a kan noman rani, babu laifi. Idan labarin rufe hanya ne saboda gyaran gada, ya makara. Don haka ko da gurabe sun isa, sai an kula da wanda aka sa a gaba.

*Misali na biyu.* Wannan shi ne wanda nake so kowa ya yi da biro a takarda, domin shi ke kama mutane ba su ankara ba. Wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi tana wallafa abu 20 a kullum: farashi daga Dawanau da sauran kasuwanni, sanarwar taro, gaisuwa, hotuna. Shugaba ya ce ba ya son a dami mutane, a sa tazarar awa 2. Lokacin aiki awa 14. An bar manhaja tana fara fitar da wanda ya riga shiga layi.

Gurabe: 14 ÷ 2 = 7. Shiga 20, fita 7, saura 13 kowace rana.

Ranar farko ba wanda zai lura, shafi yana tafiya tsaf. Bayan kwana 7 akwai 13 × 7 = 91 a layi. An fitar da 49 ke nan, na 50 shi ke gaba, shi kuwa tun rana ta 3 aka rubuta shi. Wato a rana ta 8 mabiya suna karanta farashin da ya kwana biyar. Bayan kwana 30 layi ya kai 390, kuma abin da ke fita a rana ta 31 na rana ta 11 ne. Manomin da ya ga farashin masara a shafin ya ɗauka na yau ne, ya yi hayar mota ya kai kaya, shi zai ɗauki asarar. Manhajar ba ta lalace ba, abin da aka ce ta yi take yi.

Gyara iri uku ne. Na farko a rage tazara: awa 14 minti 840 ne, 840 ÷ 20 = minti 42. Kowa zai fita a ranarsa, amma saƙo 20 a yini ya yi wa shafin Facebook na ƙaramar ƙungiya yawa. Na biyu a juya layi, sabo ya riƙa fita a gaba, a kuma sa wa'adi: duk abin da ya kwana bai fita ba a jefar da shi. Na uku a tace. A shafin WordPress kowane rukuni yana da tasa magudanar, saboda haka ana iya ɗaukar rukunin farashi da na sanarwa kawai, a bar gaisuwa da hotuna ga mai son su ya je shafin intanet. Idan tacewa ta mayar da 20 zuwa 6, gurabe 7 sun wadatar.

A ganina na uku ya fi, kuma shi mutane suka fi ƙi, domin kowa yana ganin abin da ya rubuta ya cancanci fita. Amma zaɓen abin da ya kamata jama'a su gani aikin mutum ne, kuma shafin da ke fitar da abu shida masu amfani ya fi samun masu latsawa a kan mai ashirin da ba a karantawa. Ƙa'idar da za ku riƙe: abin da ke shiga layi a yini kada ya wuce yawan gurabe, kuma a bar rara don ranar da labarai suka yi yawa.

Tazara ba dole ta zama ɗaya a ko'ina ba. A X saƙo yana saurin nutsewa, ana jure yawa. A tashar Telegram kowane saƙo yana iya sa waya ta yi ƙara, sai a sassauta.

5. Agogon wa manhajar ke bi?

Yawancin waɗannan manhajoji a ƙasashen waje aka yi su, kuma ba lallai agogonsu ya zo daidai da naku ba.

*Misali na uku.* An sa lokacin aiki 7 na safe zuwa 9 na dare, amma manhajar tana kan agogon New York. A watan Janairu Kano tana gaban New York da awa 6. Saƙon farko zai fita ƙarfe 1 na rana, manhajar kuma ba za ta tsaya ba sai 3 na dare. Maganin shi ne a shiga saiti a zaɓi agogon Legas ko na Yamai.

Ku duba kuma inda mabiyanku suke. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya. Ghana tana baya da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu. Ƙarfe 9 na dare a Zariya ƙarfe 8 ne a Kumasi, 11 a Makka. Da azumi kuma lokutan mutane suna juyewa, ana farke da sahur da bayan tarawihi, sai a gyara lokacin aiki na wannan watan.

6. Abin da ba ya shiga layi

An yi rasuwa da safe, za a yi jana'iza ƙarfe 2 na rana. Idan sanarwar ta shiga layi a bayan labarai takwas, za ta fita an riga an dawo daga maƙabarta. Haka sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, wadda ke zuwa da dare, wataƙila bayan lokacin aikin manhaja ya rufe. Haka gargaɗin ambaliya, da cigiyar yaro, da ɗage ranar jarrabawa. Irin waɗannan da hannu ake sa su, nan take.

Akwai kuma ranar da ya kamata komai ya tsaya. Idan gobara ta ci kasuwa, ko an yi babban rashi a gari, manhaja ba ta sani ba. Za ta ci gaba da fitar da tallan rangwamen atamfa tana yi wa mutane barka da hantsi. Masu gani ba za su ce na'ura ce ba, za su ce ku ne. Ya zama aƙalla mutum biyu a ƙungiya sun san inda maɓallin dakatarwa yake, kuma suna iya isa gare shi daga wayarsu.

Wannan nauyi ya fi girma idan magudanar ta wani ce. Ana iya haɗa ta jarida ko ta wata hukuma, a riƙa raba kan labari da mahaɗi, wannan hanya ce sananniya. Kwafe cikakken rubutun wani a wallafa kamar naku kuwa cin haƙƙi ne. Sannan duk abin da jaridar ta saki zai bayyana da sunanku kafin ku karanta shi, har da ƙarya ko ƙazafi. A Najeriya akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ga kuma dokokin ɓata suna. Kada ku haɗa magudanar da ba ku daɗe kuna karanta mai ita kun yarda da shi ba. Kuma tambayoyin da mutane ke yi a ƙarƙashin saƙo, manhaja ba ta amsawa. Wani ya riƙa leƙawa kullum.

7. Ƙofar ba taku ba ce

Kamfanonin suna canza ƙa'ida lokacin da suka so. Twitterfeed, wadda ta yi suna a wannan aiki, ta rufe a 2016. Daga Agusta 2018 Facebook ya hana manhajojin waje wallafawa kai tsaye a shafin mutum na kansa, ya bar shafukan ƙungiya da na kasuwanci. A 2023 Twitter, wanda ya koma X a shekarar, ya sa kuɗi mai yawa a kan hanyar da manhajoji ke bi su shiga, wasu suka daina aika masa. WhatsApp yana rufe lambar da aka kama tana harba saƙonni barkatai da manhajar da bai amince da ita ba, don haka kada ku gwada da lambar ƙungiya. A Najeriya ma an dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022.

Izinin da kuka bayar shi ma yakan ƙare, manhaja ta yi shiru ba ta faɗa ba. Ku ware rana ɗaya a mako ku duba abu uku: ko saƙo na fita, nawa ne a layi, kuma wanda ya fi daɗewa a ciki kwanansa nawa.

Tambayoyin bita

1. Faɗi abubuwa huɗu da kowane labari ke zuwa da su a magudanar RSS. Mene ne amfanin lambar shaida?
2. Manhaja ta nemi ku rubuta mata kalmar sirrin shafinku na Facebook. Me za ku yi, kuma don me?
3. Me ke iya faruwa a ranar farko da aka haɗa magudana, kuma yaya ake kauce masa?
4. Wata makaranta tana wallafa sanarwa 5 a kullum. Lokacin aiki 8 na safe zuwa 8 na dare, tazara awa 3. Gurabe nawa ne? Sanarwa nawa za su taru a layi bayan kwana 10?
5. Shafi yana fitar da labarai 16 a yini, lokacin aiki awa 12. Tazarar minti nawa za ta sa duka su fita a ranarsu? Kuna ganin wannan ya dace da shafin Facebook na ƙaramar ƙungiya? Kawo dalili.
6. Ƙungiya a Maraɗi tana da mabiya a Accra da Jidda. Idan saƙo ya fita 8 na dare a Maraɗi, ƙarfe nawa ne a waɗannan birane biyu?
7. Kawo sanarwa iri uku daga unguwarku ko sana'arku da bai kamata su shiga layin jira ba.
8. Aikin rukuni: ku zaɓi wata ƙungiya da kuka sani, ku ƙiyasta yawan abin da take wallafawa a yini, ku rubuta mata lokacin aiki da tazara da abin da za a tace, sannan ku faɗi mutum biyu da za a ɗora wa dakatarwa, da muƙaminsu kawai ba da suna ba.